Fijon Baba a Hawan Maradun

Ku 'ya'yana, na san abin da ake faɗa muku game da tsohuwar fijon nan da ke ƙarƙashin rumfa a bayan gida, wadda jikokina suka mayar wurin ɓuya. An ce muku Baffa Haliru na Maradun ya taɓa yi mata asiri. Har yau akwai tsofaffi a kasuwar shanu da za su rantse muku a kan haka, alhali ko ƙyallin abin ba su gani ba. Ni ne nake riƙe da sitiyarinta a shekarar, don haka ku ji daga bakina, ku kuma gaya wa naku 'ya'yan yadda na faɗa.

Gidanmu gidan fawa ne tun kaka da kakanni. Baba, wato kakanku Alhaji Ummaru, da ƙaninsa Baffa Haliru a rumfa ɗaya suka tashi a Talata Mafara, tare suke zuwa sayen shanu, tare kuma suka haɗa hannu suka sayi motar tun ina goye. Ko a lokacin ta hannu ce. Da Baffa ya koma Maradun da zama, inda ya fi mayar da hankali ga aikin tantani, wannan siririyar fatar da ake rufe bakin kalangu da ita, sai ya bar wa yayansa motar bai ce uffan ba. Mutane kuwa ba sa son abu ya wuce lami lafiya. Aka yi ta cewa ai abin yana cin Haliru a rai, shiru kawai ya yi. Lokacin da na girma na karɓi tuƙinta, sa'o'inta duk an yanka su an yi kasko da murhu, amma ita tana nan fara sol, da safe murɗa ɗaya take tashi. Na so motar nan, ba zan ɓoye muku ba. Uwarku ma ta sha cewa da mota tana tuwo da ban yi aure ba.

Shekarar da aka haife ki, Hadiza, Baffa ya zo suna ya kwana a gidanmu. Washegari da hantsi Inna, kakarku, ta fito zubar da ruwa, sai ta hango shi kwance a ƙarƙashin motar ta baya, ƙafafunsa kaɗai a waje. Can ya fito ya karkaɗe rigarsa, ya mayar da 'yar wuƙarsa kube. Ba ta kawo komai a ranta ba a ranar.

Ba a daɗe ba abin ya fara. Akwai wani dogon hawa kafin a shiga Maradun, wanda sai ka taho da gudu ka taka totur har ƙasa kafin mota mai kaya ta haye shi. Fijon Baba ta saba cinye shi ba tare da na sake giya ba. Rannan muna tafe ni da Baba za mu kai naman biki, but ɗin baya cike da kaya, na taka ta kamar kullum, sai na ji ƙafata ta nutse a banza. Ba ƙara, ba hayaƙi. Ƙarfin ne kawai ya riƙa zarewa daga jikinta a hankali, kamar saniyar da aka yanka jini yana ƙarewa, har ta tsaya cak a tsakiyar hawan. Muka sa dutse a taya muka koma inuwa muna kallonta. Da aka jima na murɗa makulli, ta tashi kamar ba ita ba. Na sake taka ta, ta sake mutuwa. A kan jakuna aka ƙarasa da naman. Da muka juya kanta zuwa Mafara kuwa, ta kawo mu har ƙofar gida lafiya lau.

Haka ta ci gaba da yi. Bakura, inda muke kai nama ranar kasuwa muna lallaɓawa a shimfiɗaɗɗiyar hanya, ba ta taɓa ba mu kunya ba. Cikin gari ma haka. Amma ta doshi hawan Maradun, shi ke nan. Na zaga da ita garejin garin nan har yaran bakanike suka riƙa gaishe ta da suna. Wannan ya canja fulogi, wancan ya ce koyil ne, wani ya kwance kafireta ya wanke ta tas, wani ya sa sabon famfon mai. Kowa idan ya gama sai ya zaga da ita kasuwa ya dawo yana murmushi, ya ce ta warke. Ni ma in dawo gida da murna, in tafi Maradun, in dawo da kunya.

Wata rana bayan la'asar, Baba yana zaune a tsakar gida ya yi tagumi, Inna ta ajiye masa ruwa ta tsaya.

"Alhaji, ni dai akwai abin da nig gani washegarin suna. Ban sani ba ko shina da ma'ana."

Ta faɗi abin da ta gani, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kada ɗayanku ya ɗora wa Inna laifi. Ni da ƙanena Lawali muka shiga ƙarƙashin motar muna neman laya ko ƙulli, ba mu ga komai ba sai busasshen taɓo. Da muka gaya wa Baba sai ya girgiza kai.

"Haliru ya iya hannunai. In yaɗ ɗaura abu, ba ku ka ganinai ba."

Kun san Baba ta labari kawai, amma mutum ne da ba ya tambaya sau biyu, wani lokacin ko sau ɗaya. Bai aika wa ƙaninsa ba, bai je ba. Da salla ta zo Baffa ya aiko da buhun gero kamar yadda ya saba, Baba ya sa aka mayar masa ko kwancewa ba a yi ba. Magana ta fita kasuwa, ta hau motar shanu ta isa Maradun. Aka ce da Baffa ya ji ana cewa ya yi wa motar yayansa sammu don kada ta ƙara taka garinsa, sai ya tashi ya bar majalisar. Daga nan ƙafarsa ta ɗauke daga gidanmu. 'Ya'yansa da muka tashi muna cin tuwo a akushi ɗaya suka koma kau da kai idan mun haɗu a kara, wurin cinikin shanu. Abin da ya fi tsorata ni shi ne ranar da Baba ya tara mu a zaure, muryarsa ko rawa ba ta yi, ya ce:

"In nim mutu, kada Haliru ya kama makarata. Motag ga kuma a nemo masu sayen ƙarhe su yanka ta. Kada wanda yaƙ ƙara kai ta hanyar Maradun."

Baba ya tsufa a lokacin, ciwon ƙafa ya fara kama shi. Na duba na ga idan aka yanka motar nan, an yanka ta da amsar a cikinta, kuma mutanen nan biyu za su shiga kabari a haka.

Akwai wani dattijo Kirista mai suna Bitrus, mutumin ƙasar Zuru, wanda ya yi shekaru yana gyaran injinan madatsar ruwa kafin ciwon baya ya zaunar da shi. Ya daina karɓar aiki, shi ya sa ban kai masa ba tun farko. Amma duk Asabar yana zuwa rumfarmu sayen ƙafar saniya, kuma ba ya tafiya sai ya tsokane ni cewa ina danna ma'auni da babban yatsa. Ranar ya ga ban rama ba, ya tambaye ni abin da ke damuna, na zayyana masa. Bai tambayi abin da aka canja ba.

"Idan za ta mutu, tana harbi a salansa, ko shiru take yi?"

"Shiru, Baba Bitrus. Sulalewa takai."

"Idan ka bar ta ta huta, sai ta tashi?"

"Awa ba abin da yas same ta."

"To ba wuta ba ce. Motar da wuta ke yanke mata fizga take yi, tana harbi. Taka motar yunwa take ji. Amma ba zan san inda abincin yake tsayawa ba sai na gan ta a inda take mutuwa. Wannan ciwon ba ya zuwa gareji, Garba. Sai a bi shi gidansa."

Na je na durƙusa gaban Baba na roƙi a ba ni motar sau ɗaya tak. Ya dube ni har na sunkuyar da kai.

"In kak kai ta hanyag ga, ka aje wuƙakka, ka bar man rumfa."

Ina da mata da jaririya, kuma ban iya wata sana'a ba banda fawa da wannan tuƙin. Na je na gaya wa uwarku, ta ce in yi abin da zan iya kwana da shi a raina. Da safe na wasa wuƙata, na goge ta, na ajiye ta a kan teburin Baba, na ɗauki makulli. Kafin azahar Baba ya miƙa wa Lawali ita tare da wurina. Bayan komai ya wuce ban nemi a mayar mini ba, don ba zan gyara zumunci ɗaya in ɓata wani ba. Shi ya sa kuka tashi kuka tarar ubanku direba ne a gidan mahauta.

Bitrus ya sa muka cika but da buhunan yashi daidai nauyin naman da muke ɗauka, ya ce ba zai yarda mota ta yi masa ƙarya ba. Ya ɗauko galan na fetur, da doguwar roba, da sukuddireba ɗaya. Duk hanya ya jingina kai da ƙofa ya lumshe ido, har na ɗauka barci yake. Da muka hango hawan sai ya ce in taka ta har ƙasa, kuma da zarar ta fara sulalewa in kashe makulli in taka kuloci nan take, kada in bar injin ya ƙara juyi ko ɗaya. Na yi yadda ya ce. Muka gangara gefe, ya buɗe bonet, ya kwance murfin kafireta ya ce in leƙa. Ɗan kwanon da fetur ke taruwa a ciki a bushe yake ƙayau. Duk wanda ya buɗe shi a gareji a cike ya same shi, don kafin a kai ta can ta riga ta sake cika shi. Shi kuwa ya kama ta ne da kwanon a hannu.

Sai ya cire bututun da ke kawo mai daga tanki, ya haɗa famfon da robar nan, ya riƙe galan ɗin a cinyarsa. Muka koma ƙasa muka taho. Jama'a, motar nan ta haye hawan kamar an koro ta. Na ji sitiyari yana rawa a hannuna irin ta dā, na yi kabbara da ƙarfi har Bitrus ya yi dariya ya ce in bari, ba a gama ba. Inji lafiyarsa lau, famfo lafiyarsa lau, matsalar tana baya. Ya mayar da bututun yadda yake, muka yi nisa muka sake tahowa da gudu, ta mutu a inda ta saba. Wannan karon bai je wajen bonet ba. Ya dafa bayansa ya taka zuwa bayan motar, ya yafuto ni, ya ɗora yatsa a leɓe. Babu kowa a hanyar, sai wasu shanu can nesa. Ya kama murfin tanki ya murɗa a hankali.

Abin da na ji ba zan manta da shi ba har in koma ga Allah. Motar ta ja numfashi. Dogon numfashi, fuuu, irin na wanda aka daɗe da danne wa baki da hanci aka sake shi. Yana ƙarewa sai tankin ya yi ɓam a ƙarƙashinmu, ƙarfen da ya lotsa ciki ya koma daidai. Ni da na girma a cikin yanka, na san ƙarar numfashi idan na ji ta, kuma ban taɓa zaton zan ji ta a jikin ƙarfe ba.

"Ka taɓa huda gwangwanin madara huda ɗaya?" in ji Bitrus. "Ɗigo yake yi. Sai ka yi ta biyu iska ta shiga kafin madara ta zubo. Tanki ma haka. Duk fetur ɗin da ya fita, sai iska ta shiga ta zauna a wurinsa. Naku an toshe masa hanci. Idan kana lallaɓawa, 'yar iskar da ke sulalawa ta ishe shi. Idan ka taka da ƙarfi, famfo yana ja, tanki yana riƙewa, kuma tanki ya fi shi ƙarfi."

Na tsaya ina kallon motar kamar yau na fara ganinta. Mun yi wata da watanni muna canja ƙarfe da waya, muna zargin mutum da aljan, ashe abin da ya tsayar da ita iska ce, wadda ba a gani, ba a saya, ba wanda ya taɓa lissafa ta cikin abin da mota ke ci. Na ce tsarki ya tabbata ga wanda ya sa ko ƙarfe ba ya tafiya sai da ita. Bitrus ya ce amin.

Ya kwatanta mini inda zan lalubo wani siririn bututu da ke fitowa daga saman tanki. Na kwanta na cusa hannu can sama, inda ni da Lawali ba mu kai ba, na ɓantare taɓo. Bakin bututun a rufe yake da wani abu mai santsi, a ɗaure tam. Na yanko shi na fito da shi rana. Tantani ne, an ɗaura shi yana ɗanye ya bushe ya ɗame kamar bakin kalangu, an naɗe shi da jijiya. Ɗaurin kuwa ko a mafarki na san shi, don da shi Baffa ya koya mini ɗaure bakin salka ina yaro. Na zo in wanke mutum, ga shi na tono shaidar da za ta kashe shi.

Bitrus ya karɓa ya juya shi, sannan duk da ciwon bayansa ya durƙusa ya leƙa. Ya ce bututun ya kuɓuce daga maƙalinsa tun tuni, bakinsa ya koma daidai wata hudar tsatsa a ƙasan but. Ta nan tanki yake shaƙar iska, ta nan kuma yake fitar da warin fetur, kai tsaye cikin kaya.

"Wanda ya ɗaura wannan ba mota yake yaƙa ba," in ji shi. "Wari yake yaƙa."

Tare muka je wurin Baba. Bayan sun gama gaisawa na ajiye tantanin a gabansa. Yana ganin ɗaurin ya ɗaga murya.

"Ban ce maku ba? Ga hannunai nan!"

Bitrus ya bari ya gama, sannan ya yi masa bayani tiryan-tiryan, har zuwa maganar wari. Inna tana bakin ƙofar ɗaki, ta dafa bango.

"Alhaji, kai da bakinka kac ce ranas suna mutanen Bakura na ƙorahin namanmu na warin hetur, ka rasa yadda za ka yi. Haliru na zaune kusa gare ka."

Baba ya daɗe yana kallon abin nan a tafin hannunsa. Sai ya nemi sandarsa.

"Garba, tada mota."

Muka kama hanyar Maradun. Da muka iso gindin hawan na fara sassautawa saboda ƙafarsa, sai na ji ya ce, "Taka ta." Na taka. Ta ɗauke mu ta haye ba tare da ta ko yi tari ba, ta wuce inuwar da muka saba zama, rufin gidajen Maradun ya bayyana. Na saci kallonsa, na ga leɓensa yana motsi.

Mun tarar da Baffa a ƙofar gidansa a kan tabarma yana kankare fata. Ya rame. Da ya ga motar ya miƙe tsaye, ya gyara wa yayansa wuri, suka zauna. Baffa ya gaishe shi gaisuwa cikakkiya, lafiyar gida, lafiyar iyali, gajiyar hanya, ya kasuwa, ya ƙafa, bai tsallake ko ɗaya ba, amma idonsa a kan fatar, kamar yana gaida baƙon da ya zo tambayar hanya. Da gaisuwa ta ƙare sai Baba ya buɗe hannunsa ya ɗora masa tantanin a gwiwa. Baffa ya ɗauka ya kai kusa da ido, ya shafa jijiyar da yatsa, sai fuskarsa ta ɗan saki.

"Ɗaurina na. Har na mance da shi. Ya hana warin, Yaya?"

"Ya hana," in ji Baba, da wata murya da ban san shi da ita ba.

Sai ni na faɗi sauran, tun daga hawan har numfashin tanki. Baffa yana saurare, yana duban motar, yana duban abin da ke hannunsa. Na ga lokacin da ya gane cewa wannan ɗan guntun ne buhun geron da aka mayar masa, shi ne maganar kasuwa, shi ne duk shekarar. Bai yi fushi ba, da ma fushin ya yi. Ya juyo ya dubi yayansa ido cikin ido a karo na farko.

"Yaya, ɗaki guda munka tashi. Ba ka iya aiko yaro ya tambaye ni?"

Mutumin da ban taɓa ganin ya zauna ƙasa da kowa ba a kasuwar Mafara ya ajiye sandarsa, ya zame daga kan tabarmar, ya zauna a turɓaya a gaban ƙaninsa, da ciwon ƙafarsa da farar rigarsa. Baffa ya kama hannunsa yana ja yana cewa subhanallahi, Yaya tashi, mutane na kallo. Baba ya ƙi. Baffa ya ja, ya ja, har ya gaji. Sai shi ma ya sauko ya zauna a ƙasan, kafaɗarsa a jikin ta yayansa, suka bar tabarmar babu kowa a kai.